ALLAH NE MAI MULKI, KO A SHEKARAR FARI

Darasi domin iyalin masu bi. Maigida ya tara iyalinsa da dare bayan tuwo, a karanta Farawa 45:1-15 tukuna, sa'an nan a bi darasin kaɗan kaɗan. Idan ya yi yawa ga dare ɗaya, a raba shi dare biyu ko uku.

Magidanta uku

Ga wani misali. A wani ƙauye akwai magidanta uku, gonakinsu suna iyaka da juna. Ruwan fari ya sauka, suka yi shuka. Hatsi ya tsiro, sai iska ta taso da rairayi ta binne shi. Suka sake shuka. Ruwa ya ɗauke kwana 20, shukar ta ƙone. Irin da ya rage bai wuce na shuka ɗaya ba, rumbu kuwa ya kusa kai ƙasa.

Na fari ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Akwai hannun wani cikin wannan abu." Ya kama akuyarsa ya kai wa boka, aka ba shi laya ya binne a kusurwar gona. Na biyu ya ce, "Abin da aka rubuta ba makawa." Ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi, ya ce ba zai ƙara wahal da kansa ba. Na uku mai bi ne. Ya shiga ɗaki ya zauna, ya rasa ta cewa. Matarsa ta ce masa, "Maigida, Allahn da muke yi wa sujada yana ganin wannan kuwa? Idan yana gani, don me ya yi shiru?"

Ɗan'uwa, wataƙila an taɓa yin wannan tambaya a gidanka. Kada ka tsauta wa wanda ya yi ta. Annabi Habakuk ya yi irinta, Dawuda kuma ya yi irinta cikin Zabura 13. Littafi Mai Tsarki yana da amsa, amsar kuwa ita ce darasinmu: Allah yana mulki bisa kome, mai mulkin nan kuma Ubanmu ne cikin Yesu Kristi.

1. Mene ne mulkin Allah?

Dukanmu mun san sarauta. Sarki yana da ƙasa, amma ƙasarsa tana da iyaka. Idan ka ƙetare iyakar, maganarsa ba ta bin ka. Sarki yakan yi barci. Ba ya sanin abin da ya faru a ƙauye sai an zo an faɗa masa. Ran nan kuma sai a ji ya rasu, a naɗa wani.

Mulkin Allah ba haka yake ba. Ba shi da iyaka, ba ya gyangyaɗi, ba mai kawo masa labari, ba mai gadonsa. Littafi Mai Tsarki ya koya mana abu uku a kan wannan. Allah ne ya halicci kome. Shi ne yake riƙe da kome har wa yau, da zai saki hannunsa da kome ya watse (Kolosiyawa 1:16-17). Shi ne kuma yake bi da kome zuwa wurin da ya nufa (Afisawa 1:11).

Ruwan sama a hannunsa yake. Masana yanayi sun gane cewa iskar damana daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima zuwa ƙasarmu, suna kuwa ba da labarin ruwa a rediyo. Wannan ilimi yana da amfani, manomi ya saurara. Amma sanin hanyar da baƙo ya biyo bai hana a ce wani ne ya aiko shi ba. Allah ya tambayi Ayuba ko wane ne ya haƙa wa ruwan sama hanya, Ayuba bai iya amsawa ba (Ayuba 38:25-28). Yesu kuma ya ce Uban ne yake aiko da ruwa a gonar mai gaskiya da ta azzalumi duka (Matta 5:45).

Fara a hannunsa take. A Masar iskar gabas ce ta kawo ta, iskar yamma ta kwashe ta, dukansu biyu da umurnin Ubangiji (Fitowa 10:13-19).

Masu mulki a hannunsa suke. Tun da ƙasarmu ta sami mulkin kai a 1960 an yi juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Kowane lokaci mutane sukan kwana da tsoro, ba su san abin da gari zai waye da shi ba. Daniyel ya zauna ƙarƙashin sarakunan Babila da na Farisa, ya ga tashinsu da faɗuwarsu, ya shaida cewa Allah ne yake tuɓe wannan ya naɗa wancan (Daniyel 2:21).

Ƙananan abubuwa ma a hannunsa suke. Yesu ya yi zancen 'yan tsuntsaye waɗanda ake sayar da biyu a kan kuɗi kaɗan, ya ce ko ɗayansu ba ya faɗuwa ƙasa ba tare da sanin Uban ba, har gashin kanmu ma ya san yawansa (Matta 10:29-31). Wanda yake lura da ɗan tsuntsu a kan dangar gidanka bai manta da rumbunka ba.

2. Iskoki da mayu ba su da mulki

Magidanci na fari tsoro ne ya kai shi wurin boka. Da yawa daga cikinmu mun tashi cikin gidajen da ake tsoron iskoki, ana yanka musu kaza ko akuya, ana zargin tsohuwa da maita idan yaro ya rame. Har yanzu idan ciwo ya daɗe, dangi sukan zo su ce, "Ku gwada na gargajiya mana, ba wanda zai sani."

Littafi Mai Tsarki bai ce Shaiɗan ba ya nan ba. Yana nan, mugu ne kuwa. Amma a duba Ayuba sura 1 da 2. Ayuba yana da tumaki 7,000, da raƙuma 3,000, da 'ya'ya 10. Shaiɗan ya yi ƙorafi cewa Allah ya kewaye Ayuba da shinge, ba shi da hanyar shiga. Bai iya taɓa ko ɗan rago ɗaya ba sai da aka ba shi izini, da aka ba shi kuma aka sa masa iyaka. Karo na fari aka hana shi taɓa jikin Ayuba. Karo na biyu aka hana shi taɓa ransa. Haka kuma aljanun da Yesu ya fitar daga mutumin nan mai zama a makabarta, sai da suka roƙe shi kafin su shiga garken aladu (Markus 5:12-13).

Shaiɗan kamar mugun kare ne wanda aka ɗaure da igiya. Yana haushi, yana tsoratarwa, amma igiyar tana hannun Ubangiji. Wanda ya kai akuyarsa wurin boka ya bar Mai igiya, ya tafi yana roƙon kare. Ya yi hasarar akuya, ya yi wa Allah laifi, ruwa kuma bai sauka domin layarsa ba. Mai bi ba ya ɗaura wa yaro laya, ba ya binne kome a gona, ba ya kuwa ɗora wa maƙwabciya sunan mayya.

3. Allah ba ya yin mugunta, amma yana juya ta

Wani zai ce, "Idan kome a hannun Allah yake, ashe shi ne ya sa ɓarawo ya sace mini saniya?" A nan sai mu yi hankali. Allah mai tsarki ne. Yaƙub ya ce kada kowa ya ɗora wa Allah laifin jarabarsa, gama muguwar sha'awar mutum ce take jan sa (Yaƙub 1:13-14). Ɓarawo da son zuciyarsa ya yi sata, zai kuwa ba da lissafi. Amma muguntarsa ba ta iya ɓata shirin Allah.

Labarin Yusufu ya nuna wannan sarai. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20. A Masar matar maigidansa ta yi masa ƙazafi, aka jefa shi kurkuku. Wanda ya yi wa alheri a kurkuku ya manta da shi shekara 2. Sai da ya kai shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na bauta da ɗauri, ba wanda ya zo ya bayyana masa dalili. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa. Yunwa ta shigo, a shekararta ta 2 ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa da suka zo awo, shekara 22 bayan sun sayar da shi.

Ku lura da maganar Yusufu. Bai ce musu ba su yi laifi ba. Ya faɗa musu a fili cewa su ne suka sayar da shi, nufinsu kuma mugu ne. Amma ya ce cikin abu ɗayan nan Allah yana da nasa nufi, na alheri, domin a ceci rayuka da yawa (Farawa 45:5-8; 50:20). Aiki ɗaya, nufi biyu. 'Yan'uwan suna da laifinsu, Allah yana da yabonsa. Sanin wannan ne ya sa Yusufu ya iya gafarta musu, ya ciyar da su da 'ya'yansu.

Babban misali duka shi ne giciye. Ba a taɓa yin zalunci kamar kisan Ɗan Allah ba. Yahuza ya ci amana, shugabanni suka yi ƙyashi, Bilatus ya ji tsoron taro. Duk da haka Bitrus ya yi wa'azi ran Fentikos cewa an ba da Yesu bisa ga shirin da Allah ya riga ya tsai da, ya kuma ce wa masu jinsa su ne suka kashe shi, su tuba (Ayyukan Manzanni 2:23, 38). Daga mafi munin aikin mutane Allah ya fitar da cetonmu.

A watan Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Mugunta ce, ba a kiranta da wani suna. Amma masu bi da suka tsaya cikin toka suka ce sun gafarta, ba su rama ba, sun bi sawun Yusufu. Wanda ya san cewa shari'a ta ƙarshe tana hannun Allah ba ya bukatar ɗaukar fansa da hannunsa (Romawa 12:19).

4. Mulkin Allah ba dalilin zaman banza ba ne

Yanzu mu koma wurin magidanci na biyu, mai tabarma. Maganarsa tana kama da ta mai bangaskiya, amma ragwanci ne da fid da zuciya suka sa rigar addini. Allahn da ya ƙaddara girbi shi ne ya ƙaddara shuka da noma. Yakan cika nufinsa ta hanyar hauya, da magani, da shawara, da addu'a. Hausawa ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

A karanta Ayyukan Manzanni 27. Bulus yana cikin jirgin ruwa, su duka mutum 276, hadiri ya yi ta bugunsu kwana 14. Allah ya aiko mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai mutu. Alkawari ya riga ya fito. Amma da ma'aikatan jirgin suka so su gudu da ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa sojoji idan mutanen nan ba su zauna ba, ba wanda zai tsira. Ya kuma roƙi kowa ya ci abinci domin ya sami ƙarfi. Da jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako. Dukansu suka kai gaci, kamar yadda Allah ya faɗa, ta hanyar da Allah ya shirya. Nehemiya ma sa'ad da maƙiya suka yi barazana, addu'a ya yi, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9).

Ga misali biyu daga ƙasarmu.

Dattawa sun san kurkunu. Yakan kwantar da mutum a tsakiyar damana, lokacin da gona take bukatarsa. Dā ana cewa ƙaddara ce, wanda zai yi kurkunu sai ya yi. Daga baya aka gane cewa daga ruwan tabki yake. Akwai waɗansu 'yan ƙwari cikin ruwan, ido ba ya ganinsu sosai, su ne suke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Mutum ya sha, bayan kamar shekara guda tsutsar ta fito a ƙafa. Mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyi, aka hana mai kurkunu shiga tabki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Wa ya kawar da shi? Allah ne. Ta wace hanya? Ta hannun matan da suka tace ruwa kowace safiya.

Na biyu shi ne itatuwan gona. Bayan farin 1973 da 1974 gonaki da yawa a jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa. An dasa itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya yi ta roƙon Allah a kan wannan abu, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu suna nan ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya bar reshe kaɗan masu ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi da gatari, sai su zama itace. Da fari an yi wa masu yin haka dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. A yunwar 1984 mutane da yawa suka gwada, waɗansu suka ga amfani suka riƙe. Shi ne ake kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Sabara da kalgo da gawo suna nan tun dā ƙarƙashin ƙafafunmu sa'ad da muke kuka. Allah ya riga ya ajiye amsa, amma sai da mutane suka sunkuya da wuƙa a hannu.

Saboda haka mai bi yana shuka da safe, yana shuka da yamma, gama bai san wadda za ta yi ba (Mai-Wa'azi 11:6). Addu'a kuma tana cikin aikin. Iliya ya san Allah ya yi alkawarin ruwa, amma ya hau dutsen Karmel ya durƙusa, ya aiki baransa ya duba wajen teku har sau 7 (1 Sarakuna 18:41-45). Da Allah ba mai mulki ba ne, da roƙonsa ba shi da amfani. Muna roƙonsa domin shi ne yake da iko ya yi.

5. Sa'ad da ba mu gane ba

Akwai ranar da mutum ya yi duk abin da ya kamata, amma abin ya faru. An kai yaro likita da wuri, an yi addu'a, yaron ya rasu. An yi noma sosai, fara ta sauka kamar yadda ta yi a 2004, shekara ta bi da yunwa. A irin ranar nan sai mu riƙe abu huɗu.

Na ɗaya, wahala ba kullum hukuncin zunubi ba ce. Abokan Ayuba sun nace cewa ya yi wani laifi a ɓoye, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. Almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yohanna 9:1-3). Kada mu je gidan makoki da zargi a bakinmu.

Na biyu, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye a bakin kabari. Ayuba ya yage rigarsa, ya faɗi ƙasa, ya yi sujada, Littafi kuwa ya ce bai yi zunubi ba. Kada a hana uwa kuka da sunan haƙuri.

Na uku, Allah bai yi alkawari zai bayyana mana dalilin kome a duniyan nan ba. Akwai abin da ya bayyana domin mu bi, akwai abin da ya bar wa kansa (Kubawar Shari'a 29:29). Ayuba bai taɓa jin abin da aka yi a sama game da shi ba. Ku dubi gawo. Da damana, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya kamar matacce. Baƙon da bai san shi ba zai ce a sare. Manomi kuwa ya san cewa ganyen da ya zuba taki ne, rana kuma tana samun hatsin da ke gindinsa, shi ya sa hatsin nan ya fi na sauran gona. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, sai gawo ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ayyukan Allah sau da yawa haka suke. Wanda ya yanke musu shari'a cikin wata ɗaya zai yi kuskure.

Na huɗu, shi ne mafi girma. Mai mulkin nan ba sarki ne na nesa ba wanda ya rubuta ya rufe littafi. Uba ne. Romawa 8:28 ta koya mana cewa Allah yana sa dukan abu su yi aiki tare domin alherin masu ƙaunarsa. Ba ta ce kowane abu mai daɗi ne ba. Aya ta 29 ta faɗi alherin: mu zama da kamannin Ɗansa. Aya ta 32 kuma ta ba da tabbaci: wanda bai hana mu Ɗansa ba, ba zai hana mu abin da muke bukata da gaske ba. Idan ka rasa gane hannun Allah cikin gonarka, ka dubi giciye, can za ka ga zuciyarsa.

6. Yadda wannan koyarwa take aiki a gida

Wajen rumbu. Da kaka kada a sayar da hatsi duka domin biki ko sabon babur, a dawo da bazara ana cin bashin tiya ɗaya a biya biyu. Yusufu ya tara a shekarun ƙoshi. Tanadi ba rashin dogara ba ne. A ware iri, a ware na Ubangiji, a ƙidaya watannin da ke gaba.

Wajen ciwo. Yara su kwana cikin gidan sauro. A karɓi allurar rigakafi, da maganin zazzaɓi da ake ba ƙananan yara wata-wata da damana. Idan jikin yaro ya yi zafi, a yi addu'a, a kai shi likita ran nan, kada a jira kwana 3. Mace mai ciki ta je awo.

Wajen haihuwa. 'Ya'ya kyautar Allah ne, mace da namiji. Maigidan da yake fushi da matarsa domin ta haifi mata, ko domin ba ta haihu ba, da Mai bayarwa yake faɗa. Likitoci ma sun tabbatar cewa zaman jariri namiji ko mace daga wajen uba yake fitowa. Elkana bai wulakanta Hannatu ba, ya ta'azantar da ita. Kada mai bi ya saki matarsa ko ya yi mata kishiya saboda wannan.

Wajen tafiya. Saurayi mai shirin ci-rani ya yi shawara da iyayensa da dattawan ekklisiya. Yaƙub ya gargaɗi masu cewa za su tafi gari kaza su yi shekara su ci riba, alhali ba su san gobe ba (Yaƙub 4:13-15). Mu kan ce "in Allah ya yarda" sau da yawa a yini. Bari ta fito daga zuciya, kada kuwa ta zama mayafin wanda ya yi niyyar saɓa alkawari.

Wajen maƙwabci. Idan gonarka ta yi, ta ɗan'uwanka ba ta yi ba, kada ka ce rabonsa ke nan. Mai yiwuwa Allah ya cika rumbunka domin ya ciyar da shi ta hannunka. Da annabi Agabus ya faɗi zuwan yunwa, masu bi na Antakiya ba su ce ƙaddara ce ba, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30). A taimaki mai bi, a taimaki wanda ba mai bi ba.

Wajen hukuma. A yi wa shugabanni addu'a, daga mai gari har shugaban ƙasa, ko muna sonsu ko ba mu so (1 Timoti 2:1-2). A biya abin da ya wajaba, a faɗi gaskiya ba tsoro.

Magidanci na uku

Me mai bin nan zai ce wa matarsa? Ba zai ce ya san dalilin da ruwa ya ɗauke ba, gama bai sani ba. Ba zai yi mata alkawarin cewa bana rumbu zai cika ba, gama Allah bai faɗa masa haka ba. Zai ce mata, "Allah yana gani. Shi ne ya ba da Ɗansa dominmu, ba zai yashe mu ba. Tashi mu yi addu'a." Sa'an nan su buɗe Habakuk 3:17-19, inda annabin ya lissafta gona ba amfani, garke ba dabba, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Da safe maigidan ya je wurin dattawan ekklisiya ya faɗi halin da yake ciki, ba kunya. Ya nemi irin da yake nuna da wuri, ya haɗa da wake. Ruwa na sauka ya ɗauki iyalinsa su yi shuka ta uku. Sauran yana hannun Ubangiji.

Mai karatu, wannan ta'aziyya ta 'ya'yan Allah ce. Idan ba ka karɓi Yesu Kristi ba tukuna, Mai mulkin nan shi ne alƙalin da za ka tsaya a gabansa. Amma yau yana kiranka. Yesu ya mutu domin zunubanka, ya tashi a rana ta uku, an kuma ba shi dukan iko a sama da ƙasa. Ya yi alkawari ba zai kori wanda ya zo wurinsa ba (Yohanna 6:37). Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, ka nemi fasto ko wani mai bi kusa da kai ya ƙara maka bayani.

Tambayoyi domin iyali

1. Ta wace hanya mulkin Allah ya bambanta da na sarkin ƙasa?
2. Wace iyaka Allah ya sa wa Shaiɗan a kan Ayuba? Me wannan ya koya mana game da laya da boka?
3. 'Yan'uwan Yusufu suna da laifi ko ba su da shi? Don me Yusufu ya iya gafarta musu?
4. Tun da Allah ya yi alkawari ba wanda zai mutu cikin jirgin, don me Bulus ya hana ma'aikatan gudu?
5. Akwai wani abu a gidanmu da muke cewa ƙaddara ce, alhali kuwa aikinmu ne ba mu yi ba?
6. Wane gida ne a garinmu yake cikin rashi bana? Me za mu kai musu cikin makon nan?

Ayar haddacewa: Romawa 8:28. Yara su faɗe ta da ka ran Lahadi.

Addu'a

Ya Ubanmu, kai ne mai ruwa da iska, mai rai da mutuwa. Mun gode da ka ba da Ɗanka dominmu. Ka gafarta mana inda tsoro ya kai mu wurin waɗansu, da inda muka ɓoye ragwancinmu a bayan sunanka. Ka ba mu ƙarfin aiki, da hannun bayarwa, da zuciya mai dogara gare ka ran da ba mu gane ba. Ka ba ƙasarmu damana mai albarka da zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.